Taswirar ƙasashen ƙanƙara: yadda Turawa suka fara zana arewa, da yadda ƙarya ta riga gaskiya yawo

Ba sha'awar ƙanƙara ce ta sa malaman Italiya suka fara zana ƙasashen arewacin Turai ba, wani tsohon littafi ne ya jawo. Batlamus, masanin nan da ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 150 miladiyya, ya rubuta littafi kan yadda ake zana duniya, ya jera garuruwa da koguna da duwatsu wajen 8,000 kowanne da lambarsa ta digiri, ta tsaye da ta kwance, yadda duk wanda lambobin suka shiga hannunsa ko bai taɓa ganin taswirar ba zai iya zama ya zana abarsa. Malaman Musulunci sun san littafin tun da wuri, Al-Khawarizmi ya yi masa gyara a Bagadaza tun ƙarni na 9, amma Turawan yamma ya ɓace musu shekaru aru-aru. Sai da wani malami Bagirke mai suna Manuel Chrysoloras ya zo koyarwa Fulorens a 1397, sannan almajirinsa Jacopo Angeli ya juya littafin zuwa Latin tsakanin 1406 da 1410. Daga nan fa kowane basarake da kowane babban limamin coci so yake ace yana da kofi a ɗakinsa.

Toh amma da matsala. Duniyar Batlamus ta ƙare ne a digiri 63 na arewa, a wani tsibiri da ya kira Thule, kuma duk Suwidin ɗin nan 'yan tsibirai huɗu ya mayar da ita a gabas da Denmak. Babu Norwe, babu Finlan, babu Aislan, balle Girinlan. Alhali ƙasashen nan sun yi ɗaruruwan shekaru da karɓar Kiristanci, suna da bishof-bishof ɗinsu, suna aika kuɗi Rum, 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa suna zaune daram a Bergen suna lodin busasshen kifi, irin dai wanda har gobe ake kawowa Najeriya daga Norwe.

Kuma ba wai mutanen arewan basu san hanyarsu bane, sun sani sarai, taswira ce kawai basa aiki da ita. A tsofaffin rubuce-rubucen Aislan akwai kwatancen tafiya Girinlan daga Norwe: ka miƙe yamma sak, ka bi ta arewa da tsibiran Shetland yadda da ƙyar zaka hango su in gari ya waye tas, ka bi ta kudu da tsibiran Faro yadda zaka ga kamar ruwa ya kai rabin duwatsunsu, sannan ta kudu da Aislan inda baka ganin ƙasa sai tsuntsaye da manyan kifayen yankin. Shikenan, da wannan suke ratsa teku. Hatta Fra Mauro na Benis a babbar taswirarsa ta wajen 1450 ya rubuta cewa a tekun Baltik ba da taswira ko kamfas ake tafiya ba, da igiyar auna zurfin ruwa ake yi. Kaga kenan ilimin yana nan a kawunan matuƙa jirgi, amma ba a cikin sigar lambobi da malaman Italiya suke so ba.

Wanda ya fara cike wannan giɓi wani ɗan Denmak ne, Claudius Clavus, haifaffen tsibirin Fyn a 1388, wanda yawo ya kai shi Rum wajen 1424. Ya zauna ya yi wa ƙasashen arewa jadawali irin na Batlamus sak, kowane wuri da sunansa da digirinsa, ya haɗa da taswira. Wani kadinal Bafaranshe, wato babban limamin cocin Katolika, Guillaume Fillastre, ya sa aka kwafe ta a cikin nasa kofin na Batlamus a 1427, littafin yana nan yanzu a laburaren garin Nancy a Faransa. Ita ce taswira mafi tsufa da ake da ita ta ƙasashen arewa da aka yi da layukan digiri, kuma a cikinta Girinlan ta fito da sunanta. Ɓangaren Denmak ya yi kyau sosai tunda gida ne, har ƙauyen da aka haife shi ya ambata a rubutunsa. Amma Suwidin da Norwe sun kwanta gabas da yamma maimakon su miƙe arewa, babban lungun tekun da ya raba Suwidin da Finlan kuwa babu shi.

Inda abin yake da ɗaure kai shine aikinsa na biyu da ya yi daga baya, wanda wasu masu bincike 'yan Denmak biyu, Bjørnbo da Petersen, suka gano rubutunsa a Biyana suka wallafa a 1904. Clavus ya cika gaɓar Girinlan da sunayen koguna da duwatsu, gwanin sha'awa, kowanne da lambarsa. Da mutanen nan suka jera sunayen ɗaya bayan ɗaya suka karanta a jere, sai ga shi ashe baitin wata waƙar gargajiya ce ta yarensu, mai maganar wani mutum da ke zaune a bakin kogi a Girinlan, ya datsa ta kalma-kalma ya raba wa gaɓar teku. A Aislan sunayen tsofaffin haruffan rubutunsu ya liƙa, a wasu wuraren kuma kogi na ɗaya, kogi na biyu, kogi na uku da yarensu. Ɗan Italiya da bai jin yaren ina zai gane? Ya kuma ce wai shi da idonsa ya ga Girinlan, maganar da masana da yawa basu yarda da ita ba.

Ni dai a ganina kiran Clavus maƙaryaci kawai bai warware komai ba. Tsarin Batlamus ne baya karɓar "ban sani ba". Jadawali ne mai gurabe, kowane layi sai da suna sai da lamba, in kana son ka zana lanƙwasar gaɓa dole ka bada tabo-tabo da za a haɗa, kuma kowane tabo yana neman suna. Mutumin ya cike gurbin da abin da ke kansa. Laifinsa na nan, bai faɗa ba. Amma babbar illar tana cikin ita kanta taswirar, sabida taswira bata da isnadi. Wanda ya yi karatun hadisi ya san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya gani ne ko labari aka bashi, amintacce ne ko mai ƙari. A taswira kuwa garin da mutum ya kwana a ciki da garin da ya ji a bakin wani da garin da ya ƙirƙira duk da tawada ɗaya ake rubuta su, da hannu ɗaya, a kan layin digiri ɗaya. Mai kallo bashi da yadda zai bambance. Kusan duk abin da ya biyo baya a tarihin nan daga wannan ya taso.

Asalin taswirar Clavus ta biyu ta ɓata amma an kwafe ta kafin nan. Wani Bajamushe mai aiki a Fulorens, Nicolaus Germanus, ya riƙa sa ta a kofin Batlamus da yake yi wa manya a shekarun 1460. A kofinsa na farko Girinlan tana yamma, kusa da inda ya kamata. Daga baya sai ya ɗauke ta ya mayar da ita saman Norwe ta zama wani zirin ƙasa da ya manne da Turai. Kuma wannan ta biyun, wadda ta fi kuskure, ita ce ta faɗa hannun masu ɗab'i a garin Ulm na Jamus a 1482, aka sassaƙa ta a katako aka buga, aka sake bugawa a 1486. Kuskuren da a da yake kwance a littafi ɗaya a ɗakin wani kadinal yanzu ya zama ɗaruruwan kofi iri ɗaya, har taswirar Waldseemüller ta 1507, wadda ta fara sa sunan Amurka, ita ma haka ta ɗauko arewar.

Abin tausayi, a daidai lokacin da Girinlan ke shiga taswira a lokacin ne Turai ke rasa ta. Mutanen Norwe da Aislan sun zauna can tun wajen 985, da gonakinsu da cocinsu, amma labari na ƙarshe da aka samu a rubuce daga wajensu wani ɗaurin aure ne a cocin Hvalsey a 1408. Daga nan shiru. Masu zana ƙasar a Italiya basu san mutanen da suke zanawa sun ƙare ko suna kan ƙarewa ba.

Wanda ya zo ya gyara lamarin da gaske Olaus Magnus ne, limamin Katolika ɗan Suwidin, an haife shi a 1490. Shi ya taka da ƙafarsa. A 1518 da 1519 aikin coci ya kai shi can ƙuryar arewa, ya ratsa Norwe ya kai har yankin Tornio, ya ga kasuwar fatu da kifi, ya ga mutanen Sami 'yan asalin yankin, ya ga dare da rana bata faɗuwa. Da sarki Gustav Vasa ya juya ƙasar zuwa ɗariƙar Luther sai shi da yayansa Johannes, wanda shine babban bishof na Uppsala, suka ƙare a gudun hijira, basu sake komawa gida ba. A can baƙunta ya shafe shekara 12 yana haɗa taswirarsa, Carta Marina, aka buga ta a Benis a 1539 da allunan katako tara, faɗinta mita 1.70 tsayinta mita 1.25. Kafinsa Jacob Ziegler ya riga ya miƙar da yankin arewa da kudu a 1532, amma a wajen Olaus ne mutum zai kalla yace eh lallai wannan Suwidin ce, wannan Finlan ce, ga lungun tekun Botniya da ya raba su a mazauninsa.

Kuma ba layuka kawai ya zana ba, rayuwa ya zuba a ciki. Ga mutane da dogayen katako a ƙafa suna sulɓi kan ƙanƙara da kwari da baka, ga barewar ƙasar sanyi tana jan keken kaya, ga wata mata tana tatsar ta, ga mahaya suna yaƙi a kan teku da ya daskare, ga duwatsun Aislan suna aman wuta, ga guguwar ruwan nan ta kusa da tsibiran Lofoten tana haɗiye jirgi. Teku kuma cike da dodanni, wani macijin ruwa ya nannaɗe jirgi, wani ƙaton kifi matuƙa sun ɗauka tsibiri ne sun sauka a bayansa sun hura wuta. Mutane yanzu dodannin suke yaɗawa a intanet suna dariya, wallahi ni kuma abin yana min ciwo, don mutumin nan ba wasa yake ba. Ɗan gudun hijira ne da yake so Fafaroma da manyan coci su ga girman abin da ya suɓuce musu a arewa, su san ba daji bane, ƙasa ce mai mutane da arziki. Dodannin ma daga bakin masunta ya samo su, da yawansu manyan kifaye ne na gaske da labari ya ƙara wa gishiri. Har wasu masana teku biyu, Rossby da Miller, sun yi rubutu a 2003 cewa murɗe-murɗen ruwan da ya zana a gabas da Aislan sun yi daidai da inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa a hotunan tauraron ɗan adam. Kuskure akwai, digirinsa na can sama sun zarce ƙima, kuma bai iya rabuwa da Thule ba sai da ya samo mata wuri a teku. Ya biyo da littafi a Rum a 1555 kan al'ummun arewa, wanda Turai ta daɗe tana sha daga gare shi.

Toh ga inda abin ya juya. Taswirar bango ce ƙatuwa, mai tsada, kaɗan aka buga, irin wadda ake liƙawa ta yage ta lalace. Kafin ƙarshen ƙarnin asalinta ya ɓace ɓat, sai ƙaramin kofin da Lafreri ya yi a Rum a 1572. Sai a 1886 Oscar Brenner ya tsinci guda a laburaren Munich, ta biyu kuma ta ɓullo a Suwizalan a 1961, yanzu tana Uppsala.

Ana cikin haka a 1558 wani ɗan babban gida a Benis, Nicolò Zeno, ya fito da ɗan littafi da taswira. Yace wai kakanninsa biyu sun yi yawo a tekun arewa wajen 1380, sun yi wa wani sarki aiki, sun bar wasiƙu da tsohuwar taswira a gida, shi kuma yana yaro ya yayyaga takardun bai san darajarsu ba, da ya girma ne ya harhaɗa abin da ya rage. A taswirar ga wani ƙaton tsibiri Frisland a kudu da Aislan da garuruwansa da tashoshinsa, ga Icaria, ga Estotiland, ga Drogeo. Ko ɗaya babu shi a duniya. Da aka zo aka tona, musamman bayan an samo Carta Marina har Frederick Lucas ya yi littafi akai a 1898, sai aka ga kayan aro ne, wani daga Olaus, wani daga taswirorin Holan, Girinlan ɗin kuma ta Clavus ce har da sunayen nan na baitin waƙa suna zaune a gaɓa, a taswirar da aka ce ta girmi haihuwar Clavus ɗin.

Me yasa aka yarda? Gidan Zeno gida ne mai mutunci, taswirar ƙarama ce mai sauƙin kwafa, tana da layukan digiri tsaf-tsaf, kuma shekara uku kacal bayan fitowarta Ruscelli ya sa ta a cikin Batlamus ɗin da ya buga a 1561. Da ta zauna kusa da Batlamus shikenan ta samu riga. Manyan masu taswira na zamanin suka bi, Mercator ya ɗauka a taswirarsa ta duniya ta 1569, Ortelius ya ɗauka a 1570, daga nan duk wanda ya zo yana ganin ai manya biyu sun sa, alhali duk daga bakin mutum ɗaya ne. Shi Mercator ma ya ƙara da nasa, a ƙuryar arewa ya zana manyan tsibirai huɗu da koguna huɗu suna kwarara ciki, a tsakiya wani baƙin dutsen maganaɗisu. Ya gaya wa John Dee na Ingila a wasiƙar 1577 cewa daga littafin wani matafiyi Jacobus Cnoyen ya samo, shi kuma Cnoyen daga wani littafin ƙarni na 14 da ya riga ya ɓata. Gaskiya anan Mercator ya kyauta tunda ya faɗi inda ya samo, har a jikin taswirar ta 1569 ya ambaci Cnoyen ɗin.

Mu ma fa haka aka yi da namu yankin, a gari ɗaya ma kuma kusan lokaci ɗaya. A Benis ɗin aka buga littafin matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a 1550, daga nan Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir suka shiga taswirorin Turai, abin da yake daidai, amma tare da su aka ɗauki maganarsa cewa kogin Neja yamma yake gangarawa, aka yi ta kwafa har sai da Mungo Park ya tsaya a bakinsa a Segu a 1796 ya ga gabas ya nufa.

A arewa kuwa kuɗin kuskuren da rayuka aka biya. Ingila da Holan suna neman hanyar Sin da Indiya wadda ba ta hannun Sifen da Fotugal, taswirori kuma suna nuna musu ruwa a buɗe ta sama. Tun 1553 Hugh Willoughby na Ingila ya fita ta arewa maso gabas, sanyi ya ritsa shi a gaɓar Laplan ya mutu da duk mutanensa, abokin tafiyarsa Richard Chancellor ne ya dace ya faɗa Farin Teku na arewacin Rasha har ya kai Mosko, daga nan cinikin Ingila da Rasha ya buɗe. Willem Barents na Holan ya yi tafiya uku, a ta ƙarshe a 1596 ya gano Spitsbergen, ƙanƙara ta kama jirginsa a Novaya Zemlya suka yi hunturu a ɗakin katako, ya rasu a hanyar dawowa a 1597. Taswirar da aka buga daga aikinsa ta share tsibiran nan huɗu na Mercator, amma Frisland tana nan bata motsa ba. A Suwidin kuwa sai 1626 Anders Bure ya fitar da taswirar da aka gina kan awo, ita ce ta maye gurbin ta Olaus.

Wanda taswirar Zeno ta fi rikitawa wani matuƙin jirgin Ingila ne, Martin Frobisher. A 1576 ya nufi arewa maso yamma, ya hango ƙasa mai dogayen duwatsu da ƙanƙara wajen digiri 61. Kudancin Girinlan ce. Amma Zeno ya tura Girinlan can sama, a wannan digirin Frisland ce a takarda, sai ya rubuta ya ga Frisland, a 1578 ma har ya sauka ya karɓe ta da sunan sarauniya Elizabeth. Kaga tsibirin ƙarya ya samu shaidar gani da ido kenan. Kuma tunda an ce waccan Frisland ce, ƙasar da ya tarar a gaba, wadda a gaskiya tsibirin Baffin ne na Kanada ta yau, sai masu taswira suka ce ai ita ce Girinlan, suka ɗauko "mashigin" ruwan da yace ya gano a can suka tsaga kudancin Girinlan da shi. Haka aka yi ta bugawa, har Hans Egede da ya je Girinlan a 1721 sai da ya bi gaɓa yana neman mashigin bai samu ba.

Wanda ya kwance ƙullin wani Ba'amurke ne, Charles Francis Hall, a 1861 da 1862, kuma ba da taswira ya kwance shi ba. Yana zaune da mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, a Baffin suka riƙa bashi labarin da suka gada daga kakanni, cewa a da can fararen mutane sun zo da jirage shekara bayan shekara, zuwan ƙarshe da jirage masu yawa, kuma akwai wasu biyar da aka bari a baya. Frobisher sau uku ya zo, na ƙarshe da jirage 15, kuma mutum biyar ya rasa a zuwansa na farko. Suka ɗauki Hall a kwalekwale suka kai shi wani ɗan tsibiri da suke kira Kodlunarn, ya tarar da gawayin kwal da gutsattsarin bulo da ramukan da mutanen Frobisher suka haƙa suna neman zinariya. Ya bi ruwan har ƙarshensa ya ga ba mashigi bane, lungun teku ne da ya toshe da ƙasa.